Gefen Hagun Mai Aski

Ciwon baya ne ya fara kai su asibiti, kuma ba wanda ya yi mamaki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsaye, sunkuye a kan kawunan mutane, in bai yi ciwon baya ba wa zai yi? Dogo ake ce masa a layin, domin ko ƙofar shagon askinsa sai ya rusuna yake shiga. Matarsa kuwa shi ya laƙaba mata Gajera tun tana amarya, sunan ya bi ta har 'yarsu tilo ta yi aure ta tafi gari mai nisa, gidan ya koma daga shi sai ita.

Shagon a jikin gidan yake, labule ne kawai tsakani. Daga ɗakin girki Gajera kan ji kukan injin aski, da ƙas-ƙas ɗin almakashi, da musun ƙwallo. Da kunne ta san aikin mijinta. Ta san in ya kaɗe tawul sau biyu to an gama, ta san in ya yi gyaran murya to mai kan ya cika motsi.

Ita ce kuma ta fara ganin abubuwan da ba su yi kama da ciwon baya ba.

Takalminsa na hagu ya cinye ta hanci, na dama yana nan kamar sabo. In zai wuce ta ƙofa sai kafaɗarsa ta hagu ta bugi katako, ya juya ya harari ƙofar kamar ita ta matso. Sannan faranti. Ta zuba masa shinkafa, ya cinye gefen dama tas kamar an ja layi da wuƙa, ya ture, ya ce, "Gajera, yau kuma rowa ake ji? Ɗan wannan ne abincin mai gida?"

Ta dubi rabin da ke nan a cike. Ta ce, "Kawo in ƙaro." Ta ɗauki farantin ta juya masa baya, ta juya farantin, ta dawo da shi. Ya ci ya ƙoshi har yana sa mata albarka.

Daga ranar ta zama mai juya abubuwa. Kofin shayi ta dama. Carbi ta dama. In za ta yi masa magana sai ta zagayo ta dama. Da safe in ya tsaya gaban madubi yana aske gemunsa, sai ya gyara kuncin dama sumul, ya wanke reza, ya bar na hagu da gashinsa. Sai ta zo da wasa ta ce, "Maigida, shekara da shekaru ina auren mai aski ban taɓa riƙe reza ba. Zauna in koya a kanka." Ya zauna yana dariya yana cewa ta yi hankali da maƙogwaronsa, shi kaɗai gare shi. Ta shafa kumfa ko'ina don kada ya gane, ta aske hagun.

Ba wauta ce ta sa ta ba. Ta san abin da ke cikin gidan nan. A can ƙarshen tsakar gida akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ake tara karyayyun kujeru. Nan aka rufe mahaifin Dogo a ƙarshen rayuwarsa, bayan ya fara fita ba riga yana kiran matattu. Dogo yana saurayi a lokacin, shi ke shiga ya yi masa aski ana danne da tsohon. Bai taɓa ba ta labarin da bakinsa ba, yayarsa ce ta ba ta. Amma ta ga yadda yake kauce wa ƙofar ko da rana tsaka.

Ranar da suka koma karɓar sakamakon hoton baya, likitar wata mace ce siririya mai tabarau. Ta ɗaga hoton ta duba, ta ajiye.

"Baba, bayanka ya sha aiki, ƙashin ya ɗan goge kamar na kowane mai shekarunka. Amma tashi ka taka min zuwa ƙofa."

Ya taka. Ƙafar hagu tana jan ƙasa, shuu, shuu.

Ta zaunar da shi a gado, ta ɗauko wata 'yar guduma mai kan roba ta buga masa ƙasan gwiwa. Ta dama ta ɗan motsa. Ta hagu ta yi tsalle har ta kusa harbin likitar.

"Afuwan, 'yata," in ji Dogo. "Ba ta da tarbiyya."

Likitar ta yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Ta ce ya rufe ido ya miƙa hannayensa biyu. Gajera tana kallo hannun hagu ya yi ta sauka a hankali kamar ba mai shi. Sai likitar ta zagaya ta tsaya ta hagunsa ta kira shi. Ya buɗe ido ya juya dama yana nemanta.

"Baba, kana ciwon kai da safe?"

"Ba ya yi," Gajera ta yi caraf. "Baya ne kawai."

"Amai fa? Ko mantuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau, likita. Bayan nan ne dai."

Likitar ta dube ta ta saman tabarau, ta ɗan jima tana dubanta. Sannan ta jawo kujera ta zauna ta damansa.

"Ina so a ɗauki hoton kanka."

"Kaina? Baya na kawo miki."

"Na sani. Ka ga injin askinka? In ya ƙi tashi, ba kullum ne laifin injin ba. Wani lokaci waya ce, wani lokaci kuma can wurin da wutar ke fitowa ne. Ƙafa ma haka take. Umarni daga kai yake fitowa, ya bi ta laka a cikin ƙashin baya, ya sauka ƙafa. Da a ce jijiya ce ta matse a ƙasan bayanka, da ƙafar ta saki, in na buga ba za ta amsa ba. Taka kuwa ta sandare, tana tsalle. Hannu ma ya shiga ciki, kuma ƙasan baya ba ruwansa da hannu. Abin daga sama yake. Ciwon bayan ma wataƙila jan ƙafar nan ne ya jawo shi."

Dogo ya sauko daga gadon a hankali. Ya ɗauki hularsa.

"Ki fito fili ki ce na taɓu."

"Ban ce ba, Baba."

"Wanda ake duba wa kai an san ko wane ne. Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Gajera, tashi."

A bakin ƙofa kafaɗarsa ta bugi katako. Bai waiwaya ba.

Washegari Yaya ta zo da kwalbar man zafi. Babbar yayarsa ce, mace mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren titi. Tun daga zaure take faɗa.

"Hoton kai! Mutum ya ce ga inda ke masa ciwo, a ce a'a, can ne? Gobe in na ce haƙori sai su duba min diddige. Ke ma ƙanwata da kika zauna aka faɗa masa haka a gabanki!"

"Yaya, likitar ta ce ƙafar..."

"Ƙafa ai a jikin baya take. Ko ni da ban shiga aji ba na san wannan." Sai ta jawo Gajera gefe, muryar ta faɗo ƙasa, idonta ya kawo ruwa. "Ki rufa mana asiri. Sau ɗaya aka nuna gidan nan da yatsa, ya isa. In magana ta fita cewa an kai shi duban kai, wa zai sake miƙa masa wuyansa yana riƙe da reza?"

Gajera ta karɓi man. Ta yi ta shafa masa safe da yamma har tafin hannunta ya yi ja, ɗakin ya cika da wari mai sa hawaye. Ƙafar ba ta fasa jan ƙasa ba.

Kukan injin ya fara raguwa a bayan labule. Da can benci cike yake tun hantsi, yanzu sai rana ta raba ba ta ji an kaɗe tawul ba. Dogo ya ce mutanen yanzu ba su san aski ba, sun koma wa yara masu kiɗa a shago.

Wata la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Direba ne, abokin Dogo tun na ƙuruciya, mai motar haya, wanda bai taɓa kai kansa wani shago ba. Ya danna hula har kunne.

"Matarmu, sannu da aiki. Zo ki ga sabon yayi."

Ya cire hular. Gefe guda an aske fes har yana ƙyalli, ɗayan gefen suma na nan yadda ta zo.

"Ya riƙe min madubi, ya ce, 'Ya ka gani?' Na ce ya yi kyau. Ya sa min hoda, ya kaɗe min wuya." Direba ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Ba ni ne na farko ba, matarmu. Kowa hula yake sawa ya je wani wuri a ƙarasa masa. Ba mai iya faɗa masa. Kin san shi."

Ta jingina da bango. Ashe ba ita kaɗai ke juya faranti ba. Layin gaba ɗaya ne, kowa don ƙauna, kowa ya yi shiru ya bar mutum yana nitsewa.

Ba a yi kwanaki ba sai ta ji faɗuwa a shago, da ƙarar kwanon ruwa. Ta yaye labule. Dogo na ƙasa tsakanin kujera da bango, ƙafar hagu tana karkarwa ita kaɗai, wandonsa a jiƙe. Allah ya sa ba kowa a kujerar. Rezar na can ƙarƙashin benci a buɗe. Ta kasa ɗaga shi, ta yi ta ja, tana kiran sunan Allah, har karkarwar ta tsaya. Da ya dawo hayyacinsa ya dubi wandon, ya dubi kwanon da ya kife.

"Ruwa ne ya zube min," ya ce.

"Ruwa ne," ta ce.

Da ta ji kalmar ta fito daga bakinta sai ta tsani kanta.

Ta yafa mayafi ta ce za ta kasuwa. Ta zauna a bencin asibiti tun kafin azahar, ba kati, ba mara lafiya, ma'aikaciyar jinya ta kore ta ta ƙi tashi. Da likitar ta fito za ta tafi gida, Gajera ta sha gabanta ta durƙusa a tsakiyar hanya, mutane na kallo.

"Likita, ƙarya na yi miki. Yana ciwon kai, kullum da asuba, har ya yi amai." Ta zayyana mata komai, faranti, gemu, kan Direba, faɗuwar yau. Har ɗaki mai ƙofar ƙarfe. "Ki ba ni magani in sa masa a shayi ya yi barci, mu ɗauko shi. Ko ki ce masa hoton baya za a sake, in ya kwanta ku tura kan."

Likitar ta ɗago ta.

"Mama, ba zan yi masa haka ba. Kansa ne, sai da yardarsa. Amma ki ji. Ba taurin kai ba ne kawai. Irin wannan ciwon yana ɓoye wa mutum gefe guda, ya kuma ɓoye masa cewa an ɓoye. A wurinsa farantin ya ƙare da gaske. Bai ga abin da kika gani ba, to don me zai yarda?"

"Ni na hana shi gani."

"Ki bari ya gani. Kuma kada ki jira wani satin. Faɗuwar nan ba ta yi min daɗi ba."

Da safe Dogo ya tsaya gaban madubin shago kafin a buɗe. Ya aske dama, ya wanke reza, ya zauna a kujera ya ɗaga haɓa yana jira.

"Ina ɗalibata? Yau ba makaranta?"

Gajera na tsaye a bakin labule.

"Maigida, ka gama askin?"

"Ga shi kina gani."

"Duba da kyau."

Ya duba madubin, ya shafa kuncin dama. "Sumul. Ko ango ya gani sai ya yi hassada."

Ta tako ta kama hannunsa na dama. Hannu ne mai nauyi, mai ƙamshin sabulu. Ta ja shi ta ƙarƙashin haɓa, ta wuce da shi can gefen da ba ya zuwa, ta danna yatsun a kan kuncin hagu. Ta goga su sama, ta goga su ƙasa. A cikin shirun shagon har ana jin kar-kar ɗin gashin.

Ya fizge hannun. Sai kuma ya mayar da kansa, a hankali, kamar mai taɓa fuskar baƙo.

"Yau ne na manta."

"Kullum ne. Ni ke ƙarasawa."

"Ke dai..."

"Zauna nan." Ta shiga ta fito da faranti, burodi da ƙwai, ta ɗora masa a cinya. "Ci."

"Gajera, wane irin wasa..."

"Don girman Allah ka ci."

Ya ci yana hararar ta. Ya cinye dama, ya ce to ga shi, hankalinki ya kwanta? Wannan karon ba ta juya masa baya ba. A gaban idonsa ta sa yatsa ta juya farantin a hankali. Rabin burodi da rabin ƙwai suka fito masa daga inda babu komai.

Dogo ya daɗe yana kallon farantin.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Mutanen da nake yi wa aski fa?"

Ta waiwaya wajen benci. Ya dubi bencin da ba kowa, ya gane.

"Har Direba?"

"Har shi."

Ya rufe fuska da hannu ɗaya. Ɗayan na kwance a cinyarsa kamar na wani. Da ya yi magana muryar ba tasa ba ce, ta wani saurayi ce.

"Haka Baba ya fara?"

"Ban sani ba. Ban ga farkonsa ba. Ni ban sani ba, Yaya ba ta sani ba, kai ma ba ka sani ba. Na'urar ɗaukar hoton kai ta asibiti ce kaɗai za ta leƙa ta gaya mana."

"In ta ce shi ne fa?"

Ta durƙusa ta damansa, ta kama gwiwarsa. "To mu zauna da shi, ni da kai, a ɗakinmu. Ƙofar can kuwa yau za a cire ta. Ba za a sami abin da za a rufe ka da shi ba."

Direba ne ya cire ta, da guduma da zagi, gumi na bin rabin sumarsa da ya ƙi bari wani ya ƙarasa. Ya ɗaure ta a saman motarsa ya ce zai kai wa masu gwangwan. Yaya ta iso tana faɗa, ta ga ƙofar a kan mota, ta yi tsit. Sai ta buɗe gaba ta shiga ta zauna, ta ce ai ba za a tafi da ƙaninta asibiti ba ita ba.

Ɗakin na'urar sanyi gare shi kamar cikin firji. Aka karɓe masa agogo da makullai, aka kwantar da shi a wani siririn gado, ƙafafunsa har sun zarce. Gajera ta leƙa ta gilashi ta ga gadon yana shigewa da kansa cikin wani farin rami. Na'urar ta kama ƙara, gaf-gaf-gaf, kamar ana rushe gini. Ba abin da take gani sai tafin ƙafafunsa, ta dama a miƙe, ta hagu a karkace. Ta yi ta karanto duk addu'ar da ta sani, da ta ƙare ta koma farko.

Likitar ta kira su su biyu. Ta juyo da allon ta yadda zai zo masa ta dama. Gajera ba ta taɓa ganin cikin kai ba, amma ba ta buƙaci a nuna mata ba. Ga shi nan fari, dunƙule kamar ƙwan kaza, can sama ta gefen dama, ya ture abin da ke kusa da shi.

"Ƙari ne, Baba. Yana dama, shi ya sa hagu ke shan wahala, don kowane gefe na kai ɗayan gefen jiki yake riƙe. Ya girma. Zan tura ku babban asibiti wurin masu aikin kai, su za su ce ko zai ciru. Ba zan yi muku alkawarin abin da ba ni da iko a kai ba."

Gajera ta ji kujerar tana tafiya da ita. Dogo kuwa ya matso da fuskarsa dab da allon, yana dubawa kamar yadda yake duba ƙeyar mutum kafin ya sa inji.

"Wannan abin, tsiro ne? Kamar wanda kan fito wa mutum a wuya?"

"Kusan haka."

"Ba hauka ba ne."

"Ba hauka ba ne, Baba. Hankalinka na nan daram."

Ya koma ya jingina. Ya sauke wani dogon numfashi da ta yi shekaru ba ta ji irinsa ba. Sai ya yi dariya, dariya ta gaske, har da buga gwiwa.

"Alhamdu lillahi! Gajera, kin ji? Tsiro ne kawai. Ina Yaya? A gaya wa Yaya!"

Masu aikin kai sun yi iya ƙoƙarinsu daga baya, ba a dace ba. Amma ko bayan an share makoki, in aka bar Gajera ita kaɗai, ba ranar rasuwar ce ke dawo mata ba. Bencin nan ne na bakin ofishin likitar, inda suka zauna jiran takardar babban asibiti, Yaya da Direba sun fita neman ruwa.

Dogo yana ta zuba, fuskarsa a sake, rabi a aske rabi da gashi. Yana cewa in an cire zai sake fentin shago, zai kira duk waɗanda ya yi wa rabin aski ya ƙarasa musu kyauta, Direba ne na ƙarshe don ya fi kowa munin kai. Kukan ya taso mata har wuya, ba inda za ta kai shi. Sai ta tashi a hankali ta zagaya ta zauna ta hagunsa, kafaɗarta na gogar tasa. Ta cusa mayafi a baki ta yi shi mai isarta, jikinta na jijjiga, shi kuwa yana ta yi wa gefen dama labari.

Can ya tsaya. Ya dubi wurin da take zaune ɗazu.

"Gajera? Ina kuma kika shiga?"

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ja hanci, ta miƙe ta zagayo.

"Ga ni, Maigida. Ci gaba, ina jin ka. Wane launi za a yi wa shagon?"